Hali Zanen Dutse Ne, To Wa Ya Zana Shi?

A 'yan shekarun nan iyaye mata sun fara kawo wata tambaya wadda kakanninmu ba su taɓa jin irinta ba. Sukan ce, "Fada, ashe laifi ne in miƙa wa jariri waya domin ya yi shiru in samu in gama aikina?" Mai sauraro zai iya yin murmushi ya ce wannan ai maganar likita ce, ba ta firist ba. Amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar tambaya wadda masu hikima suka daɗe suna juyawa: shin ƙananan al'amuran yau da kullum, kamar lokacin kwanciya, da abin da ake zubawa a miya, da yadda ake lallashin yaro, suna shiga lissafin nagarta da mugunta, ko kuwa lissafin na manyan abubuwa ne kaɗai, irin su sata da kisa da shaidar zur?

Hausawa sukan ce hali zanen dutse ne, wato ba ya kankaruwa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai karin maganar ba ta faɗa mana wanda ya yi zanen ba, ba ta kuma faɗi ranar da aka yi shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai sassaƙar dutsen niƙa ya san bugu ɗaya ba ya barin wata alama. Sai bugun ya yi ta maimaituwa a wuri guda kafin dutsen ya ɗauki siffa. Wannan shi ne abin da Aristotal, masanin nan na ƙasar Girka, ya koyar tun kafin haihuwar Ubangijinmu, Waliyyi Toma Akwinas kuma, wanda ya rasu a 1274, ya ɗauko koyarwar ya shimfiɗa ta a cikin tauhidin Ikilisiya. A wurinsu nagarta irin wadda mutum yake samu da ƙoƙarinsa sabo ne mai kyau, sabo kuwa aikin da aka yi ta nanatawa ne har ya zama jiki. Da ƙira ake zama maƙeri, da jure ƙananan abubuwa kuma ake zama mai haƙuri. In haka ne, amsar tambayar iyayenmu mata ta kasu biyu. Miƙa wa yaro waya sau ɗaya, a ranar da tuwo yake kan wuta baƙi kuma suna ƙofa, ba abin da za a kai wurin furta zunubi ba ne. Miƙa masa ita kowace safiya da kowane maraice kuwa, har hannunsa ya riƙa neman ta tun kafin ya iya kiran sunan uwarsa, wannan sassaƙa ce, kuma akwai mai alhakinta.

Bari mu ji abin da masana lafiya suka faɗa, gama bai kamata firist ya yanke hukunci a kan abin da bai bincika ba. A watan Afrilu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari game da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce jaririn da bai cika shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban talabijin ko waya. Daga shekara 2 zuwa 4 kada kallon ya wuce sa'a 1 a yini, in an rage ma ya fi. Ta kuma ce sa'ad da yaro yake zaune, abin da ya fi masa shi ne wani babba ya karanta masa littafi ko ya ba shi labari. Kakanninmu da suka yi ta ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi bayan cin tuwon dare za su yi mamakin jin cewa sai da aka tara likitocin duniya kafin a gano amfanin tatsuniya.

Me ya sa aka tsananta haka a kan jarirai? Wani bincike da aka buga a 2003 ya haskaka dalilin. Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Waɗansu aka kawo musu mutane masu jin Sinanci suka zauna da su, suna yi musu wasa da hira, har zama 12 a cikin mako 4. Waɗansu kuma aka nuna musu mutanen nan a talabijin suna faɗin irin maganganun. Da aka gwada su, jariran da suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambanta sautukan Sinanci waɗanda babu su a Turanci. Waɗanda suka yi kallon talabijin kuwa ba su fi waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Murya ɗaya ce, fuska ɗaya, kalmomi ɗaya. Abin da ya ɓace kawai shi ne mutumin da zai dubi jaririn, ya lura da inda idonsa ya nufa, ya amsa masa.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Ku dubi harshen nan da nake rubutu da shi. Tsakanin "kafa" da "ƙafa" ɗan maƙalewar maƙogwaro ne kawai. Tsakanin garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi ɗan jan wasali ne. Ba wanda ya zaunar da mu a aji ya koya mana waɗannan, daga bakin masu rainonmu muka tsince su tun muna goye. A gidajenmu da yawa ma yaro harsuna uku yake gādo: yaren gida, da Hausa, sa'an nan Turancin makaranta. Wasannin yara da ke cikin waya yawancinsu da Turanci ne, da wuya ka sami wanda yake magana da yaren Bajju, ko na Birom, ko na Bachama. Kowace sa'ar da yaro ya kwashe yana kallo, sa'a ce da bai ji yaren kakarsa ba. Daga baya mu ne za mu zauna a taron ƙauye muna kukan yaranmu sun rasa yare.

Akwai kuma wani abu da ya fi harshe zurfi. Kukan jariri maganarsa ce, ba shi da wata. Da shi yake cewa yunwa, ko zafi, ko gajiya, ko kuwa kawai yana so a ɗauke shi. Waya tana tsayar da kukan nan take, wannan ne ma ya sa muke ƙaunarta, amma ba ta amsa ko ɗaya daga cikin buƙatun nan ba. Ta dai ɗauke masa hankali. Shiru ya samu, biyan buƙata bai samu ba. Yaron da aka ɗauka aka jijjiga, aka yi masa magana har ya lafa, yana koyon cewa damuwa takan zo ta wuce, kuma akwai mutum a kusa. A ganina nan ne tushen haƙuri yake, watakila ma tushen dogara. Wanda aka saba toshe masa kowace damuwa da haske da kiɗa, wani darasi dabam yake ɗauka: cewa bai kamata ya jure ko minti ɗaya na rashin jin daɗi ba. Tun da maganar ta kawo mu nan, bari in faɗa wa iyaye mata masu kunna wa yara waya a lokacin Misa don kada su dami jama'a: ku bar su su yi kukansu. In ya yi yawa a fita da su inuwa a dawo. Majami'ar da ba a jin kukan jariri a cikinta ita ce abar tausayi.

Yanzu sai a ji ta bakin uwa, domin tana da hujja mai ƙarfi. Za ta ce, "Fada, kai ba ka taɓa dafa abinci da yaro yana jan zanenka ba." Gaskiyarta. A gidan gandu na dā akwai kaka, da goggo, da matan 'yan'uwa, da yayye masu raino. Yaro yana yawo daga hannu zuwa hannu, uwa ta sami sararin numfashi. Yau ma'aurata da yawa ɗaki ɗaya ko biyu suke haya a birni, nesa da dangi, matar tana sana'a ko aikin albashi, ta dawo ta tarar da wanki da girki. Waya ta shigo ne ta cike gurbin hannuwan da suka ɓace. Saboda haka wanda ya ɗora wa uwa laifin duka ya yi rashin adalci, kuma bai fahimci matsalar ba. Tambayar da ta dace ita ce, ina sauran hannuwan gidan suke?

Sau da yawa amsar tana zaune a kan kujera a tsakar gida, ita ma riƙe da tata wayar. Iyaye maza, da ku nake. A ranar baftisma ba uwa kaɗai aka tambaya ko ta yarda ta ɗauki nauyin tarbiyyar yaron ba. Ku biyu kuka tsaya, ku biyu kuka amsa. Babban Taron Batikan na Biyu ma, a 1965, iyaye ya kira masu tarbiyya na farko, bai ware ɗaya ba. Uban da ya dawo daga aiki ya karɓi jariri na rabin sa'a domin matarsa ta gama girki bai zubar da girmansa ba. A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji mai sauƙi: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuskarta na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Jaririn yakan yi ta ƙoƙarin jawo ta da murmushi da miƙa hannu, in abin ya ƙi sai ya kau da kai ko ya fashe da kuka. Ku dubi fuskar babban mutum sa'ad da ya nutsa cikin waya, ku gaya mini ko ta bambanta da waccan. Wayar salula ta bazu a Nijeriya ne daga 2001, wato mu manya ba a cikinta aka raine mu ba, duk da haka ga yadda ta kama mu. Yaya ke nan wanda aka sa masa ita a hannu tun bai yaye ba?

Kada a ɗauka ina kiran waya kayan Shaiɗan. Uban da aiki ya kai shi Legas ko Fatakwal, in ya kira ta bidiyo ɗansa ya ga fuskarsa ya ji muryarsa, alheri ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, da ta ba da shawara a 2016 cewa a nisanta jarirai 'yan ƙasa da wata 18 daga kallo, ta ware irin wannan kiran, gama akwai mutum a ɗaya gefen yana amsawa.

Sauran al'adun gida ma a kan wannan ma'auni suke. Shawarwarin nan na 2019 sun ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya sami aƙalla minti 180 yana motsa jiki a yini, jariri kuma a riƙa kwantar da shi rub da ciki yana farke, jimlar minti 30 a yini. Sun ma ambaci goyo, cewa kada a bar yaro ɗaure a baya fiye da sa'a 1 a lokaci guda. Na san wannan zai yi wa iyayenmu mata nauyi a kunne, musamman mai tafiya gona ko kasuwa, kuma ni ban ga aibi a goyo ba: yaro yana jin ɗumin uwarsa da muryarta, yana ganin duniya. Abin ɗauka a shawarar shi ne a riƙa sauke shi a kan tabarma ya miƙe, ya juya, ya koyi rarrafe. Ga manya kuwa, Hukumar ta ce a 2020 a sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Matar ƙauye mai daka da ɗebo ruwa ta cika nata tun ranar Talata, hutu take buƙata. Maganar tana kan mu da muke hawa acaɓa zuwa inda kakanmu zai taka kafin rana ta ɗaga, mu yini a kujera, sa'an nan mu yi mamakin hawan jini da ciwon sukari. Haka gishiri: abin da aka shawarta wa babba bai kai giram 5 a yini ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda yake cikin dunƙulen magi ake lissafi. Harshen yaro da abin da aka saba masa yake girma, wanda aka raina da miyar da gishiri ya yi mata yawa zai ga kowace miya salam ce.

Saura wata hujja guda, wadda ta fi sauran ɗaci. Iyaye za su ce, a ina yaran za su yi wasan? Dandalin da muka yi langa da ɓuya a farin wata ya zama fili mai shinge ko shago, a wurare da yawa kuma rashin tsaro ya sa ba mai barin ɗansa waje bayan faɗuwar rana. Uban da ya kulle yaransa a ɗaki gaban talabijin saboda tsoro ba sakaci ya yi ba, ya auna haɗari biyu ne ya zaɓi ƙarami. Wannan ya fi ƙarfin gida ɗaya, don haka ya zama aikin jama'a. Majami'unmu da yawa suna da fili mai katanga wanda yake zama wayam daga Litinin zuwa Juma'a, in ban da awaki. Buɗe shi daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: ƙwallo biyu, da igiyar tsalle, da randar ruwan sha, da manya biyu masu amana waɗanda za su zauna har a tashi, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin Zumuntar Mata, da ƙungiyar maza, da matasa. A ajiye rajista a ƙofa, kada a saki yaro sai ga wanda ya kawo shi. Ina roƙon kowace majalisar Ikilisiya ta sa wannan a cikin abubuwan da za ta tattauna a zamanta na gaba, katikis na kowane ƙauye kuma ya duba ko filin da ke hannunsa zai yi.