Idan Kwamfuta Ta Rage Gudu: Gazawa Ce ko Rahama?

Mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake kawo mini da ƙorafin nauyi, lafiyarsu ƙalau. Mai kwamfutar zai ce ta tsufa, ko bairos ya shige ta, ko a yi mata fomatin, alhali abin da aka ƙera ta ta yi shi take yi: zafi ya yi mata yawa, ta sassauta don kada ta ƙone. Kwance su da ɗaura su a shagona a nan Kano ya bar ni da tambayar da ta fi ƙarfin sukudireba. Idan abu ya rage gudu don ya tsira, gazawa ya yi ko rahama aka yi masa? Kuma wa ke da hurumin yanke wannan hukunci?

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk lissafin da zai yi sai ya ci wuta, wutar kuma zafi take komawa. A cikinsa akwai ma'aunin zafi. Galibin na kamfanin Intel da ke cikin irin waɗannan kwamfutoci iyakarsu wajen digiri 100 ce. Da zarar ya doshi wurin, sai ya rage saurinsa da wutar da yake ja, ka ga wanda ya saba haura gigahaz 3 ya zo yana rarrafe a 0.8. Idan duk da haka zafin bai sauka ba, kwamfutar ta kashe kanta.

Ba haka abin yake ba tun fil azal. A 2001 mujallar intanet ta Tom's Hardware ta yi wani gwaji da har yau masu gyara ba su manta ba: ana tsakiyar aiki aka cire ƙarfen da ke sanyaya furosesa. Pentium 4 na Intel ya sassauta, ya ci gaba da jan ƙafa. Athlon na AMD bai san sassauci ba, ya ci gaba da gudu, cikin 'yan daƙiƙu ya yi hayaƙi ya mutu murus. A cikin daƙiƙun nan, duk mai kallo zai rantse Athlon ne ya fi himma.

Wannan gwaji yakan tuna mini da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya ƙara masa yarda. Yana matashi ya ɗaukar wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare kullum. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta rage masa yana neman ƙari, har suka tsaya a azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Da tsufa ya zo masa, sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka ba shi tun farko. Haka nan igiyar da Nana Zainab ta ɗaura a masallaci don ta riƙa dafawa idan ta gaji da nafila, umarni aka yi a kwance ta. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, kasaru ga matafiyi sunna ce mai ƙarfi, cika sallar ne abin ƙi. Ashe akwai inda rage gudu shi ne biyayya, dagewa kuma son zuciya ne da ya sa rigar ƙwazo.

Sai dai in na tsaya a nan, kowane rago ya samu hujja. Ba kowane nauyi ne rahama ba, kuma teburin gyara ya nuna mini iri uku.

Na farko, zafin gaskiya ne amma sanadinsa mai kawarwa. A tsakiyar bazarar bara wani ɗalibi ya shigo da kwamfutarsa, aikin kammala digirinsa a ciki, fankar tana kuka ba tsayawa. Na tambaye shi inda yake ɗora ta, ya ce a kan katifa. Da na kwance bayanta, ƙurar hunturu ta haɗu da zaren bargo ta toshe tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke bi, ta cure kamar auduga, na zare ta ɗungurungum da ɗan hantsaki. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfe ya bushe, yana farfashewa in an taɓa. Yaron ya leƙo ya ce, "Oga, na ji an ce akwai manhajar da ke cire mata wannan birkin, a sa mini ita kawai." Na ce, "Ƙanena, birkin ne ya sa har yanzu kake da kwamfuta. Bari mu cire abin da ya sa take takawa." Na share, na sa sabon mai, na ce ya nemi faranti ko katako ya riƙa ɗora ta. Saurinta ya dawo ba a taɓa ko manhaja ɗaya ba.

Da ya zauna ya ce haka Allah Ya so, da ya yi wa ƙaddara ƙarya, domin ƙura ce, kuma burushi na maganinta. Sayyidina Umar da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'arsa daga Sargu, aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Share fanka ma haka.

Na biyu ya fi rikitarwa, domin ƙarya ce ake yi wa furosesa. Akwai wata hanya, masu ƙira suna kiranta BD PROCHOT, da sauran sassa ke bi su ce masa ya sassauta. Wata rana ma'auni ne ya lalace, wata rana cajar jabu ce da kwamfutar ta ƙi amincewa da ita. Ka taɓa ta ka ji ta da sanyi, ka auna ka ga digiri 45, amma ta kafe a gigahaz 0.4 ko 0.8, tana tsoron wutar da babu ita. A nan ne manhajar ThrottleStop ke da amfani, don tana iya toshe kunnen furosesa daga wannan kira.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu sanin wannan ciwo. A Malikiyya, wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye, sai ya sake. Amma wanda shakka ta aura, take zo masa kullum, malaman mazhabar sun ce ya yi watsi da ita ya ci gaba da sallarsa. Shakka iri ɗaya, a wurin wani a bi ta, a wurin wani a take ta. Abin da ya raba su shi ne bincike a kan halin mai ita. Shi ya sa ba na toshe wannan kira sai na auna zafi, na gwada wata caja, na duba batir. Wanda ya toshe shi ba bincike, in ya yi sa'a ya kori waswasi, in bai yi ba ya kashe mai gargaɗi.

Na uku shi ne wanda wani ya rage maka gudu bai faɗa maka ba. A Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu wayoyin iPhone da batirinsu ya tsufa, don kada su riƙa mutuwa ba zato. Hujjar tana da ma'ana, domin tsohon batir ba ya iya ba da wutar da furosesa ke nema idan aiki ya yi tsanani. Duk da haka, a Fabrairun 2020 hukumomin Faransa suka ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25, kuma laifin da aka kama shi da shi rashin sanar da masu wayoyin ne. Mutum yana iya sayen sabuwar waya alhali canjin batir ya ishe shi. Rahamar da aka ɓoye wa mai ita dalilinta ta kusa zama algus. Wannan ya shafi uba da ya hana ɗansa wani abu, da likita, da malami, da ni kaina mai gyara: in ka taka wa wani birki don amfaninsa, haƙƙinsa ne ya san me ya sa.

Na san kwamfuta ba mutum ba ce. Ba ta da niyya, ba ta samun lada in ta jure, ba ta da zunubi in ta yi kasala. Amma ta fi mu da abu guda: tana da lambar da za a karanta a san zafinta. Mu ba mu da ita, kuma zuciya ta iya ba da rahoton ƙarya ta kowane ɓangare. Takan ce wa rago ya gaji, ta ce wa wanda ke dab da faɗuwa ya ƙara himma.

Ina ganin shi ya sa ma'aunin ɗan Adam yakan kasance a jikin mutanen da ke kewaye da shi. Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ba a fuskar mai gidan ya gane an wuce gona da iri ba, a yanayin uwargidan ya gani, don ya tarar da ita ba kwalliya, mijin ya tare a azumi da tsayuwar dare. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta sai ƙarshen dare, kuma Annabi ya gaskata Salmanu. Don haka wanda ya ji ibadarsa ko aikinsa sun yi masa nauyi, kada ya yi saurin tuhumar imaninsa, kada kuma ya yi saurin yanka wa kansa uzuri. Ya nemi wanda ya san shi ciki da bai, wanda ba ya jin nauyin faɗa masa gaskiya, ya bar shi ya yi masa tambayoyin da ba ya son ji: barcin awa nawa yake samu, bashin wa ke hana shi sukuni, yaushe rabon da ya zauna da iyalinsa. Amsar ce za ta nuna ko hutu yake bukata, ko gyara, ko kuwa ya tashi ya ci gaba.