Gorin Asali: Daga Khartum Zuwa Ƙofar Gidanmu

'Ya'yana, akwai maganar da muka saba yi wa rabin faɗa, yau kuwa ina so mu faɗe ta duka.

Mun san yadda danginmu Hausawa suka zauna a Sudan. Wasu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu kuma sun bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Da guminsu aka noma audugar Jazira tun daga 1925. Duk da haka, dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta fifita wanda kakanninsa suka zauna a ƙasar kafin ƙarshen 1897, sai aka wayi gari wanda aka yanke wa cibiya a Omdurman ana tambayarsa shaidar kakansa, ana jifansa da "Fallata" kamar zagi. A Yulin 2022, bayan zubar da jini a Damazin da Rusairis, Hausawa sun fito titunan Khartum suna nanata abin da bai kamata ya buƙaci nanatawa ba, wato su ma 'yan ƙasa ne.

Ɓarnar tsangwama ba a bakin mai gori take ƙarewa ba. Masanin zamantakewa Erving Goffman ya bayyana a 1963 cewa wanda aka tsangwama yakan koma gadin kansa. Yana auna kowace kalma kafin ya furta, yana ɓoye abin da zai tona shi. Uba ya daina yi wa ɗansa Hausa a kasuwa. Yarinya ta ji kunyar kawo ƙawayenta gida saboda harshen kakarta. Saurayi ya fasa neman aure ko aiki tun ba a hana shi ba. A hankali zuciya ta gaskata abin da ake faɗa a kanta, kuma wannan ciwo ya fi na zagi wuyar warkewa. A'isha al-Falatiya, wadda muryarta ta cika gidan rediyon Omdurman tun shekarun 1940, ta ɗauki laƙabin "Fallata" ta yi suna da shi. Amma mutum nawa ne Allah Ya ba irin wannan ƙarfin hali?

To, laifi tudu ne. Mu da muke jin zafin abin da ake yi wa danginmu a Khartum, yaya muke yi a Kano da Maraɗi? Muna hana ɗan mahauci aure, muna tono wa mutum bautar kakansa ranar faɗa, muna yi wa bazawara kallon zargi, muna gudun wanda ya warke daga taɓin hankali. Yaranmu na kallo, kuma daga bakinmu suke koyon wanda za su raina.

Saboda haka mu fara da harshenmu. Wanda yake Sudan ya koya wa ɗansa Hausa da Larabci ba tare da sunkuyar da kai ba. Wanda yake gida kuma, idan an zo neman 'yarsa, ya tambayi halin yaro da addininsa, ya bar kabarin kakansa ya huta. Allah Ya sa mu gyara.