Tsufa Aibi Ne? Allurar Cike Fuska da Tiyatar Ƙarin Mama a Ma'aunin Shari'a

A shekarar 1962 wata mata mai 'ya'ya shida, Timmie Jean Lindsey, ta je wani asibitin marasa galihu a birnin Houston na Amurka domin a goge mata zanen furanni da aka yi mata a ƙirji. Likitocin da ta tarar, Thomas Cronin da Frank Gerow, suna da tasu buƙatar. Sun ƙera wata 'yar jaka mai laushi cike da silikon, sun gwada ta a jikin wata karya, suna neman macen da za ta yarda a sanya mata. Ita kuwa Lindsey kunnuwanta ne ke damunta, don sun yi fato-fato. Sai aka yi ciniki, su gyara mata kunne, ita ta ba da ƙirji a yi gwaji. Haka aka yi tiyatar ƙarin mama da silikon ta farko a duniya, a jikin matar da ba ta zo nemanta ba. Hajar ce ta riga mai saye zuwa kasuwa, kuma har yau wannan sana'a ba ta rabu da wannan hali ba.

Allurar cike fuska, wadda ake kira fila a shagunan kwalliya na Legas da Abuja, ta zo daga baya. In shekaru suka ja, kitsen da ke ƙarƙashin kumatu yakan ragu ya zame ƙasa, ƙashin fuska ya ɗan ja baya, fata ta saki. Aikin fila shi ne cike gurbin. A 1981 Amurka ta amince da wadda ake haɗawa da sinadarin kolajin na fatar saniya. A 2003 ta amince da Restylane, wadda aka ƙirƙiro a Suwidin daga sinadarin hayaluronik, wani abu mai riƙe ruwa da dama akwai irinsa a fatar mutum da gaɓoɓinsa. Da can daga zankon zakara ake tatso shi, yanzu ƙwayoyin bakteriya ake sa su samar da shi. An ma taɓa sayar da wata fila ta kolajin ɗin alade mai suna Evolence, aka daina a 2009, abin da ya isa ya sa Musulma ta tambayi me ke cikin sirinjin. Masu sayarwa kan ce fila tana narkewa cikin wata 6 zuwa 18, amma hotunan asibiti sun nuna takan yi shekaru a wasu fuskokin. In kuma allura ta faɗa jijiyar jini, musamman a hanci ko tsakanin gira, fatar wurin tana iya mutuwa, ido yana iya makancewa.

Ƙarin mama kuwa cikakkiyar tiyata ce. Mai shirinta za ta bar taba makonni kafin ranar, ta ajiye asfirin da duk maganin da ke tsinka jini, a gwada jininta, ta kwana ba ci ba sha. Za a sa ta barci, a tsaga ƙarƙashin maman ko gefen kansa ko hammata, a cusa jakar a bayan naman mama ko ƙarƙashin tsokar ƙirji. Tun Oktoban 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a bi wata takardar gargaɗi tare da majinyaciya, ta sa hannu kafin a taɓa ta. Babban saƙon takardar shi ne jakar ba ta har abada ba ce. Tana iya fashewa, naman da ya kewaye ta yana iya ƙanƙancewa ya yi tauri ya riƙa ciwo, kuma duk daɗewarta a jiki, yiwuwar komawa ɗakin tiyata ƙaruwa take yi.

Musulmar da ke wannan shiri tana da tambayar da babu ita a takardar Amurkawa: shin wannan canza halittar Allah ne?

Tushen maganar aya ta 119 ce a Suratun Nisa'i, inda aka ambaci alwashin Shaiɗan na sa mutane su jirkita halittar Allah. Sai hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud a Buhari da Muslim, wanda ya tsine wa masu yin jarfa, da masu fige gira, da masu goge haƙori su buɗe wushirya don neman kyau. Tun a wancan zamani mata ba su karɓi zancen ba tare da tambaya ba. Wata mai suna Ummu Ya'aƙub, makaranciyar Alƙur'ani, ta taka har wurin Ibn Mas'ud ta ce ta karance Littafin ba ta ga wannan tsinuwa ba. Ya nuna mata ayar Suratul Hashri da ke umarnin a riƙi abin da Manzo ya zo da shi. Ta ce ai tana zaton matarsa ma tana yi. Ya ce ta shiga ta duba. Ta shiga, ba ta ga komai ba.

A ɗaya hannun akwai Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, duk da cewa zinare haramun ne ga maza. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. Daga waɗannan nassoshi malamai suka ja layin da ake bi har yau: gusar da aibi halal ne, neman ƙarin kyau ta hanyar sauya ƙirar da ke lafiya lau haram ne.

Sai dai ba su haɗu a kan dalilin hanin ba, kuma dalilin ne ke yanke hukuncin fila. Ɗabari ya tsananta, ya hana mace ƙari ko ragi a halittarta don kyau, ko da mijinta za ta yi wa. Ƙurɗubi, Bamalike, ya ce hanin ya shafi abin da ke dawwama ne, amma irin su kwalli Imamu Malik da wasu sun halatta. Nawawi ya bayyana cewa tsofaffin mata ne ke goge haƙori don a ɗauke su yara, wato illar tana cikin yaudara, ya kuma ce in don magani ne ko gyaran aibi babu laifi. Ibn Ashur, malamin Tunisiya da ya rasu a 1973, ya lura cewa kaciya da aski da yanke farce da hujin kunne duk taɓa halitta ne, kuma ba wanda ya haramta su, don haka yana ganin abubuwan da aka tsine wa alamomi ne na mata marasa kamun kai ko na mushirikai a wancan lokaci. Al'ummar da ta daɗe tana miƙa jarirai ga wanzami ya yi musu tsaga ranar suna, take kuma yabon mai wushirya, ya kamata ta karanta wannan saɓani a tsanake kafin ta jefi kowa da tsinuwa.

A Yulin 2007 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta Malesiya, ta fitar da ƙuduri mai lamba 173 kan tiyatar kwalliya. Ta halatta gyaran tsagaggen leɓe, da cire yatsan cindo, da gyaran tabon ƙuna ko haɗari, da dashen gashi, da sake gina maman da aka yanke saboda cuta. Ta halatta gyara mama in girmansa ko ƙanƙantarsa sun kai ga rashin lafiya. Ta hana ƙara leɓe, da ciko kumatu, da sauya hanci ko ido don son rai ko kwaikwayon wani. Game da yamushewar fata ta ce ba a kawar da ita da wuƙa ko da allura sai in cuta ce ta kawo ta, kuma an amince ba za a cutu ba.

Gefen halal ɗin ba ya buƙatar dogon turanci ga wanda ya san asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato. Tun 1999 ake karɓar yaran da cutar ta cinye wa leɓe da kunci da hanci, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa wajen sake gina musu fuska da fatar da aka ɗebo daga wani sashe na jikinsu. Ilimin da ake ɗaga kumatun attajira da shi a Dubai shi ne ake rufe ramin fuskar yaron ƙauye da shi a nan. Ba a jin malamin da ya yi jayayya a kan na biyun.

Wuyar tana tsakiya. Mace ce 'yar shekara 45, ta haifi biyar, ta shayar da kowanne kusan shekara biyu, mama ya zube, fuska ta faɗa. Hujjarta ba ta banza ba ce: ba ƙirar wata take nema ba, tata take so a mayar mata, kamar yadda aka mayar wa Arfaja hancinsa. Tana iya ƙarawa da cewa ranar buɗe Makka, da aka kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar kansa fari fat, Annabi (SAW) ya yi umarnin a rina furfurar, a dai guji baƙi. Ke nan ɓoye alamar tsufa ba zunubi ba ne a karan kansa. In lalle ya halatta saboda yana gogewa, me zai hana fila mai narkewa? Da wannan ƙiyasi ne wasu malaman zamani suka sassauta, bisa sharaɗin babu cuta kuma babu yaudarar mai neman aure.

Hujjar ta yi ƙarfi a kan fila, ta yi rauni a kan tiyata. Takobi ne ya raba Arfaja da hancinsa, ita kuwa shekaru da shayarwa ne suka sauya ta, kuma aya ta 54 a Suratur Rum ta lissafa rauni da ƙarfi da komawa ga rauni da furfura duk a cikin halittar Allah. Jikin 'yar 45 da ta shayar da biyar bai fita daga ƙirarsa ba, yana kan matakin da aka tsara masa ne. Ranar da aka sanya wa tsufa sunan aibi, kowa ya zama majinyaci, domin ba wanda zai tsira daga gare shi sai wanda ya mutu da ƙuruciya. Kasuwa kuwa wannan sunan take so a raɗa masa, don ita fila akan koma a sake ta duk shekara.

Akwai wata ƙofa da ƙudurin Putrajaya ya bari a buɗe, ta munin da ke jawo wa mai shi cutar zuciya. Ƙofa ce ta rahama, kuma akwai masu haƙƙin shiga: wadda mama ɗaya ya fito ɗaya bai fito ba, ko wadda cuta ta zaftare wa rabin fuska. Matsalar ita ce wa zai shaida damuwar ta kai? In likitan da zai karɓi kuɗin tiyatar ne, to mai shaida yana da rabo a cikin hukuncin. Ga shi kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata cuta da ke sa mutum ya riƙa hango muni a jikinsa inda kowa bai gani ba, tana kama kusan mutum 2 cikin 100, kuma tiyata ba ta cika warkar da ita ba, sai dai damuwar ta koma wata gaɓar.

A gidajen Hausa damuwar takan kasance tana da suna: maigida, ko kishiyar da ake raɗe-raɗin zuwanta. Wannan ma an taɓa kai shi gaban Annabi (SAW). Wata mata ta ce 'yarta amarya ce, ciwo ya zubar mata da gashi, miji yana matsawa a yi mata ƙari, amma Annabi (SAW) bai ba da izini ba. Son miji bai mayar da haram halal ba a kan gashi, balle a kan wuƙa da allurar barci.

Ita wuƙar kuma ba ta duba matsayi. A ranar 23 ga Oktoban 2005 Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya mai ci a lokacin, ta rasu a kusa da Marbella ta Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitse, saura makonni ta cika 60. A 2009 kotu ta sami likitan da laifin sakaci. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon ɗin masana'antu, bayan an sanya wa mata kimanin 300,000 a ƙasashe 65, kuma mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ya sami ɗaurin shekara 4. A 2019 Allergan ya janye wasu jakunkunansa masu kaushin baya saboda alaƙarsu da wani nau'in sankara. Wadda ba ta da kuɗin jirgi kuwa tana samun nata rabon a kusa: ƙwayoyin sha-ka-fashe, man bilicin, da allurar da wata ke yi a bayan shago ba tare da ta san inda jijiyar ido ta bi ba.

Saboda haka fila mai narkewa, a hannun likita na gaskiya, ba don a yaudari kowa ba, mas'ala ce ta saɓani, kuma wadda ta bar ta ta fi kusa da kuɓuta. Ƙarin mama ga mace mai lafiyar ƙira, don kawai shekaru sun ja, ba shi da madogara mai ƙarfi. Amma akwai hukuncin da ya fi waɗannan buƙatar a ji shi a kan mumbari. Mata da yawa a Najeriya ba sa zuwa asibiti da sankarar mama sai ta ci jiki, wasu kuma sukan gudu da zarar an ambaci yankewa, don tsoron nakasa da tsoron miji zai juya baya. Malamai masu wa'azi su faɗa musu a fili cewa yanke maman da ya kamu magani ne, sake gina shi halal ne, kuma tsinuwar hadisin Ibn Mas'ud ba ta shafe su ba.