Gidajen mata a cikin unguwa: wuta ba magani ba ce

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, lokacin da jihohin Zamfara da Katsina suka soma aiki da Shari'a a 2000, mata masu zaman kansu sun ƙetaro iyaka, suka cika Firji a nan ƙasar Madarunfa. A watan Nuwamba na shekarar, zanga-zangar ƙin bikin FIMA ta kai ga ƙone mashaya da gidajen mata a Maraɗi, gwamnati kuma ta rushe waɗansu ƙungiyoyin Musulunci. Ɗakuna sun ƙone, zina ba ta ƙone ba.

Zina haramun ce, kuma haƙƙin maƙwabci ne ƴaƴansa su tashi nesa da ita. Amma muna jan kunnen ƴan jarida da masu waya: nuna fuskar mace, a ɓoye mazan da ke zuwa wurinta, zalunci ne. Suratun Nur, aya ta 4, ta shar'anta shaidu huɗu, in babu su mai ƙazafi ya sha bulala 80. Aya ta 19 ta yi gargaɗi ga masu son yaɗa alfasha.

Dokar Nijar tana hukunta kawalci. Don haka mu kai kukanmu ga mai unguwa da hukuma, a tuhumi kawali da mai ba da hayar ɗakin. Mu kuma mu ciyar da zawarawanmu, mu ba su jari daga zakka, mu sauƙaƙa sadaki, domin yunwa da sakin wulaƙanci ne ke cika gidajen nan.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya, amin.