Hukuncin Jabu Idan Mai Saye Ya Sani

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani a kan haramcin algus ba, wato ɓoye aibin haja ko fito da ita cikin siffar da ba tata ba, domin Imam Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi. Jabun magani ya shiga nan kai tsaye, kuma a annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar an yi wa dubban mutane allurar rigakafin bogi.

Inda magana ke yin tsauri shi ne wurin da babu wanda aka rufe. A Kantin Kwari da ke Kano, ɗan kasuwa kan shimfiɗa turmin atamfa biyu masu zane iri ɗaya da tambari iri ɗaya a bakin zanen, ya faɗa wa mai saye ƙarara cewa wannan Holan ce, waccan kuwa 'yar China, kowace da kuɗinta. Tunda an yi bayani, hujjar algus ta raunana, abin da ya rage shi ne haƙƙin mai tambari, wanda ba abu ne da ake riƙewa a hannu ba. Magabatan Hanafiyya sun taƙaita dukiya ga abin da ake iya adanawa, alhali Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun lissafa manfa'a, wato amfanin da ake samu daga abu, a cikin dukiya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira suna da ƙimar kuɗi a al'adar zamani, don haka shari'a ta hana a keta su.

Masu ja da wannan matsayi suna kafa hujja da hanin ɓoye ilimi, hujjar da ke da ƙarfi a kan littafi amma ba ta da tasiri a kan tambari, tunda tambari shaida ce kawai ta wanda ya yi kaya. Sanin mai saye ma ba ya rufe batun, saboda atamfa ba ta tsayawa a hannunsa: sau da yawa akwatin lefe take shiga, dangin amarya su duba bakin zanen su ƙiyasta darajar kayan da tambarin da suka gani, ba tare da sun ji bayanin da aka yi a shago ba.