Malami da Mai Ciyar da Shi

A fadar Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimu, maroƙi a bainar jama'a yake wasa ubangidansa, a bainar jama'a kuma ake ba shi riga ko doki. Mai sauraro ya san ma'aunin da zai auna yabon.

Zamani ya zo da wasu masu magana. A 1955 Antony Fisher ya kafa cibiyar nazarin tattalin arziki ta IEA a Landan, mai da'awar a sakar wa kasuwa mara. Tunaninta ya ratsa mulkin Margaret Thatcher. Cibiyar ba ta bayyana jerin masu ba ta kuɗi, amma an tabbatar kamfanonin taba suna cikinsu.

Irin wannan aƙida ta iso Nijar cikin sharuɗɗan masu ba da lamuni. A yunwar 2005, yayin da yara ke mutuwa a jihohin Damagaram da Maraɗi, gwamnati ta fara da sayar da hatsi a farashi mai rahusa, don gudun kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa. Sai daga baya aka raba.

Shin kuɗin mai ciyarwa yana ɓata hujja? Ba dole ba ne. Gaskiya ba ta canzawa don an biya mai faɗinta. Sai dai in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda shawara za ta taɓa rumbunsa yana da haƙƙin sanin wanda ya biya mai ba da ita, kamar yadda talakan Tanimu ya sani.