Agogon Masu Nutso a Hannun Wanda Ba Ya Nutso: Tambaya a Kan Gaskiyar Abin Ƙira

Daga cikin kayan da suka yawaita a kasuwannin duniya cikin 'yan shekarun nan akwai wani agogon hannu da ake ƙera gidansa da ƙarfen titaniyam, a sa masa inji mai wana kansa ba tare da batir ba, a yi masa siffar agogon masu nutso a teku, sannan a sayar da shi a kan dala ɗari biyu ko uku, alhali kuwa makamancinsa na manyan kamfanonin Suwizalan yakan kai dubban daloli. Mafi yawan masu ɗaura shi ba su taɓa nutso ba, ba su kuma da niyyar yi, kuma ruwan da agogon zai haɗu da shi a hannun mutumin Kano ko Damagaram bai wuce na alwala da na damina ba. Wannan ne ya sa abin ya cancanci a dube shi ta fuskar ilimin ɗabi'u, domin yana tayar da tambayar ko abin da aka ƙera zai iya yin ƙarya, idan kuwa zai iya, to a wuyan wa alhakin yake: maƙerinsa, ko mai ɗaura shi, ko mai yaba shi ga masu saye.

Siffar wannan agogo ba don ado aka fara yin ta ba. A shekarar 1953 kamfanin Blancpain ya fito da agogon Fifty Fathoms, wanda masu nutso na rundunar sojan ruwan Faransa suka yi amfani da shi, a daidai wannan lokaci kuma Rolex ya fito da Submariner, kuma daga waɗannan biyu ne aka gaji kusan duk abin da ake gani a yau. Zoben nan mai lambobi da ke kewaye da fuskar agogon, mai nutso yakan juya shi ya saita alamarsa da hannun minti kafin ya shiga ruwa, don ya san tsawon lokacin da ya yi a ƙasa, tunda iskar da ke cikin tukunyarsa ƙididdigaggiya ce, kuma daɗewa a zurfi kan tara iskar naitirojin a jini, wadda ke iya nakasa mutum ko ta kashe shi idan ya yi gaggawar fitowa. An sa zoben ya riƙa juyawa ta gefe ɗaya kawai saboda idan ya bugu da wani abu ya goce, kuskurensa ya zama na nuna cewa an daɗe fiye da yadda aka daɗe, wanda shi ne kuskuren da ba ya halaka kowa. Manyan alamomi masu haske a duhu da maɓallin da ake ɗaurewa kamar noti duk amsa ce ga wani haɗari na zahiri. Sai dai tun daga shekarun 1980 ƙaramar kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu, mai lissafa zurfi da lokaci tare, ta karɓe wannan aiki, ta yadda hatta a wurin masu nutson kansu agogon ya koma abin ko-ta-kwana.

Mai tsananta wa kansa zai iya cewa ɗaura kayan sana'ar da mutum bai iya ba yana shiga cikin abin da malamai ke kira tashabbu'i, wato mutum ya nuna ya mallaki wata baiwa ko matsayi da ba a ba shi ba, wanda abin zargi ne a Sunna kuma maƙwabcin riya ne. Wannan tsoro yana da tushe, amma bai faɗa kan wannan mas'ala ba, dalili kuwa shi ne tufa da ado ba su da ma'ana ta ƙashin kansu, al'adar mutane ce ke ba su ma'ana. Malamin Malikiyyar nan na Masar, Shihabuddin al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya yi tsayin daka a kan cewa duk hukuncin da aka gina a kan urfi, wato abin da mutane suka saba da shi, yana canjawa idan urfin ya canja. Wanda ya sa kakin soja alhali ba soja ba ne ya yaudari jama'a, domin har gobe kaki shaida ne na aiki da iko, amma babu mai ganin agogo mai zobe a hannun malamin makaranta ya ɗauka cewa ya taɓa sauka ƙarƙashin teku. Da yake babu wanda ya fahimci wata da'awa daga siffar, babu wanda aka yaudara da ita.

Batun almubazzaranci ma bai da nauyi sosai a nan. Abu Ishaƙ ash-Shaɗibi na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1388, ya kasa maslahohin ɗan Adam zuwa na larura da na buƙata da na kyautatawa, kuma agogo mai jure zurfin mita 200 a hannun mai alwala yana cikin kashi na uku, wanda shari'a ba ta hana ba muddin bai ci haƙƙin na farko da na biyu ba. Ƙarfin da ya wuce buƙata ma yakan zama tattali, tunda abin da aka yi don ya jure gishirin teku ba zai lalace da gumi da ƙura ba. Shi kansa titaniyam, wanda William Gregor ya gano a Ingila a 1791, ba ƙarfe ne mai ƙaranci ba, shi ne na tara cikin sinadarai wajen yawa a ɓawon ƙasa, tsadarsa daga wahalar tace shi da sarrafa shi ta zo, kuma amfaninsa a agogo shi ne ya fi ƙarfe marar tsatsa sauƙin nauyi da kusan kashi 40 cikin 100, ba ya kuma tsatsa. Kamfanin Citizen na Japan ne ya fara yin agogon hannu da shi a 1970, Seiko kuma ya yi na masu nutso mai jure mita 600 a 1975. Da yake ba zinariya ba ne, haramcin da ya hau kan maza game da zinariya bai shafe shi ba.

Inda ƙarya ke iya shiga da gaske shi ne rubutun da ke kan fuskar agogon, domin rubutu magana ce, magana kuwa ko dai gaskiya ko ƙarya. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, tana da ƙa'ida mai lamba 6425 wadda ta ware wa agogon masu nutso, kuma daga cikin sharuɗɗanta akwai cewa ya jure zurfin da bai gaza mita 100 ba, a iya karanta shi cikin baƙin duhu daga nisan santimita 25, ya kasance da abin saita lokacin nutso, kuma a gwada kowane ɗaya a matsin ruwan da ya ɗara abin da aka rubuta masa da kashi 25 cikin 100, wato mai lambar 200 a gwada shi a matsin mita 250. Akwai kuma wata ƙa'idar dabam, mai lamba 22810, ta agogon yau da kullum mai hana shigar ruwa, wadda sharuɗɗanta ba su kai waɗancan tsanani ba. Saboda haka agogo biyu suna iya kama da juna kamar an tsaga kara, kowanne ɗauke da lamba 200, amma ɗaya an nutsar da shi shi kansa a tukunyar gwaji, ɗayan kuwa ɗan'uwansa aka gwada aka yi masa ƙiyasi. Maƙerin da ya bayyana cewa agogonsa siffar na masu nutso kawai ya ara, ya kuma faɗi irin gwajin da ya yi, ya sauke nauyin da ke kansa. Wanda kuwa ya rubuta lambar da bai gwada ba, ko ya yi shiru da gangan don mai saye ya ɗauka an cika sharuɗɗan da ba a cika ba, ya yi abin da fiƙihu ke kira tadlisi, wato ɓoye aibin haja ko ƙawata ta da siffar da ba ta da ita, wanda ke bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya. Laifin bai ragu ba don mai sayen ba zai taɓa nutso ba, tunda kuɗinsa ya biya a kan wannan lamba, kuma agogon yana iya faɗawa hannun wani da zai dogara da ita a inda kuskure ke cin rai.

Wannan ma'auni ne kuma ke raba kwaikwayo da jabu. Da yawa daga agogunan nan masu araha, waɗanda akasari a Sin ake harhaɗa su, suna bin siffar Submariner ko ta Pelagos, agogon titaniyam da Tudor ya fitar a 2012, amma suna ɗauke da sunan maƙerinsu, don haka mai saye ya san abin da ya saya, duk da cewa kwaikwayon da ya yi yawa yana tauye haƙƙin wanda ya wahala wajen zana asalin, kuma wannan damuwa ce da ba ta kamata a raina ba. Agogon da aka buga masa sunan kamfanin da bai ƙera shi ba kuwa shaidar zur ce a kan ƙarfe, kuma a nan ne mai ɗaurawa yake tarayya a laifi idan ya sani, domin yanzu akwai da'awar da masu kallo ke fahimta.

Saura mai bitar kaya, wanda ke rubutu ko ɗaukar bidiyo yana gaya wa dubban mutane ko agogon ya cancanci kuɗinsa. Matsayinsa ya yi kama da na mai shaida, kuma sananne ne a fiƙihun Malikiyya cewa ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da ita, don haka idan kyauta aka ba shi agogon, ko yana da kamasho a kan duk wanda ya saya ta hanyarsa, wajibi ne ya faɗa tun da farko. Wajibi ne kuma ya faɗi abin da talla ba ta faɗa, misali cewa tsantsar titaniyam da ake yawan sawa a masu araha ya fi ƙarfe marar tsatsa saurin ƙujewa idan ba a ƙarfafa fatarsa ba, da cewa robar da ke toshe ruwa tana tsufa, sai an riƙa sauya ta ana sake gwaji. Mafi muhimmanci shi ne batun daidaiton lokaci. Injin mai wana kansa yana aiki ne da wani faifai mai siffar rabin da'ira da ke lilo da motsin hannu yana ɗaure sifirin, kuma NH35 na rukunin Seiko, wanda ya fi yawa a irin waɗannan agogo, yakan ci gaba da aiki kimanin awa 41 bayan an cire shi, maƙerinsa kuma ya yarda cewa yana iya jinkirin sakan 20 ko gaggawar sakan 40 a rana, alhali agogon batir na talaka bai cika wuce kuskuren sakan 15 a wata ba. Sakan 40 a rana minti 20 ne a kwana 30, kuma wannan ya isa ya sa mai azumi ya sha ruwa kafin rana ta faɗi idan da agogon kaɗai ya dogara bai saita shi ba tun farkon Ramadan. Mai bitar da ya san masu karanta shi da agogo suke kiyaye lokacin salla da buɗe-baki, sai ya auna wannan kuskure na tsawon kwanaki, ya rubuta abin da ya samu, ya kuma gaya musu cewa irin wannan inji yana buƙatar a riƙa saita shi duk mako.